Ƙarfen Yankan Sauri: Siffofinsa da Yadda Ake Sarrafa Shi da Wuta

1.0 Gabatarwa

Duk malamin da ya taɓa koyar da aikin ƙarfe ya san haruffan nan uku, HSS, waɗanda akan buga a gindin mahujin ƙarfe, da jikin zarto, da guntayen ƙarfen da ake ɗaura wa injin sassaƙar ƙarfe. Haruffan nan taƙaitaccen sunan wani irin ƙarfe ne wanda a wannan takarda zan riƙa kiransa ƙarfen yankan sauri, domin da shi ake yanka sauran ƙarafa cikin saurin da kayan aikin da suka gabace shi ba su iya jurewa.

Abin da ya jawo hankalina ga wannan batu ya faru ne a wani ɗakin aiki da na taɓa koyarwa. Wani ɗalibina, ɗan gidan maƙera, ya sami karyayyen zarton inji, ya so ya huda shi, ya sa masa ƙota, ya mai da shi wuƙa. Sai ya yi abin da ya gada. Ya sa shi a wuta har ya yi ja, sa'an nan ya ajiye shi a iska ya huce domin ya yi laushi. Da ya zo hudawa, mahuji biyu suka dakushe, ƙarfen kuwa ko gezau. Ɗaya guntun da ya yi wa ban ruwa irin na gida, tsagewa ya yi. Yaron bai saɓa wa ƙa'idar ƙirar da ya sani ba. Ƙarfen ne ba ya bin wannan ƙa'ida.

Manufar wannan takarda ita ce ta bayyana dalilin haka. Za a nuna cewa darajar wannan ƙarfe tana ga iya riƙe tauri a cikin zafi, kuma ba a samun wannan siffa sai an bi da shi ta wasu matakan wuta masu tsauri, waɗanda suka sha bamban da na ƙarfen da maƙeranmu suka saba da shi. Duk zafin da aka ambata a nan bisa ma'aunin Selsiyas yake.

2.0 Yadda Ƙarfe Yake Taurara

Kafin a shiga batun sosai, ya kamata a tuna da abin da ke faruwa ga ƙarfen kabon, watau baƙin ƙarfen da aka gauraya da ɗan kabon, sinadarin nan da gawayi ya ƙunsa. Irinsa ne ake yin magagari da kurfi da shi, kuma kabon ɗin da ke cikinsa bai cika wuce kashi 1 da 'yan kai cikin ɗari ba.

Idan aka zafafa wannan ƙarfe zuwa digiri 760 ko 800, tsarin ƙwayoyin da ke cikinsa yakan sauya, kabon ya narke ya bazu a jikinsa ko da yake ƙarfen bai zama ruwa ba. Wannan sabon tsari shi ake kira ostenayit. In aka bar shi ya huce a hankali, kabon yakan sami sukunin fita ya taru, ƙarfen ya yi laushi. In kuwa aka tsoma shi cikin ruwa nan take, sai kabon ya maƙale inda yake, a sami wani tsari mai tsananin tauri da gautsi, mai suna matansayit. Wannan shi ne asirin ban ruwa. Domin rage gautsin, maƙeri yakan sake ɗumama bakin kayan aikin kaɗan, yana lura da launi, daga ruwan karmami a wajen digiri 230 zuwa shuɗi a wajen digiri 300. Wannan mataki na ƙarshe shi zan riƙa kira gasawa.

Aibin ƙarfen kabon a nan yake. Da zarar zafi ya haura digiri 200, taurinsa yakan fara raguwa. Yankan ƙarfe kuwa aiki ne mai haifar da zafi a daidai bakin kaifi, kuma gwargwadon saurin inji, gwargwadon zafin. Ashe ke nan kayan yanka su ne suka taƙaita saurin masana'antu a ƙarni na 19, ko da injin yana da ƙarfin da zai fi haka gudu.

3.0 Taƙaitaccen Tarihi

A shekarar 1868, wani Bature a Ingila mai suna Robert Mushet ya haɗa ƙarfe mai ɗauke da kabon kusan kashi 2 cikin ɗari, da manganis, da tangistin kusan kashi 7 cikin ɗari. Ya lura wannan ƙarfe yana taurara in an bar shi a iska, ba ya bukatar ruwa. Shi ne kakan ƙarfen da muke magana a kansa.

Babban ci gaban ya zo ne tsakanin 1898 da 1900 a kamfanin Bethlehem Steel da ke Jihar Pensilbaniya ta Amurka. Frederick W. Taylor da Maunsel White sun yi ta gwajin zafafa ƙarfe mai tangistin da kuromiyam a matakai dabam-dabam. A lokacin, maƙera sun yi ittifaƙi cewa wuta in ta yi yawa ƙona ƙarfe take yi. Su kuwa sai suka gano cewa in an kai wannan ƙarfe gab da narkewa kafin a sanyaya shi, yakan fi jure zafin aiki nesa ba kusa ba. A bikin baje kolin duniya na birnin Faris a 1900, jama'a suka ga kayan yankansu na sassaƙar ƙarfe, bakin ya yi ja saboda zafi, amma bai daina yanka ba. Saurin yanka ya ninka kusan sau uku.

Wajen shekarar 1910 aka daidaita haɗin da ya shahara da sunan 18-4-1. Daga shekarun 1930, musamman lokacin Yaƙin Duniya na Biyu da tangistin ya yi wuyar samu, Amurka ta karkata ga molibdinam, wanda take da shi jingim a Jihar Kolorado. A wajen 1970 kuma aka fara yin wannan ƙarfe daga gari, watau a mai da narkakken ƙarfe ƙura, sa'an nan a matse ta da zafi ta dunƙule. A yau ƙasar Sin ce ke haƙo fiye da kashi uku cikin huɗu na tangistin ɗin duniya. Mu ma a nan akan sami dutsensa, mai suna wulfiram, tare da kuza a Ririwai ta Jihar Kano da wasu sassan Bauchi da Filato.

4.0 Abubuwan da Ƙarfen Ya Ƙunsa

Bisa tsarin Amurka, wanda shi ya fi yaɗuwa, an raba wannan ƙarfe gida biyu. Masu harafin T su ne waɗanda tangistin ya rinjaya a cikinsu, masu harafin M kuwa su ne na molibdinam. Ga misalai uku, kowane adadi kaso ne cikin ɗari, ragowar kuma baƙin ƙarfe ne:

(a) T1: tangistin 18, kuromiyam 4, banadiyam 1, kabon 0.75.

(b) M2: tangistin 6, molibdinam 5, kuromiyam 4, banadiyam 2, kabon 0.85. Wannan shi ya fi kowanne yawa a kasuwa.

(c) M42: molibdinam 9.5, kobal 8, kuromiyam kusan 4, tangistin 1.5, banadiyam 1 da ɗoriya, kabon 1.1.

Kowane sinadari da aikinsa. Tangistin da molibdinam suna haɗuwa da kabon su samar da wasu 'yan tsabobi masu matuƙar tauri da ake kira kabayid. Kada a ɗauka wannan kabayid shi ne wanda masu walda ke jiƙawa su sami iskar gas, suna kawai suka haɗa. Da yake nauyin ƙwayar zarra ta molibdinam kusan rabin na tangistin ne, kashi ɗaya na molibdinam yakan yi aikin kusan kashi biyu na tangistin. Kuromiyam shi ke sa tauri ya ratsa har tsakiyar ƙarfen ko da ba a sanyaya shi da gaggawa ba, kuma shi ne babban dalilin da ya sa zarton ɗalibina ya ƙi laushi a iska. Banadiyam yana samar da kabayid mafi tauri duka, wanda har ya fi tsabar dutsen wasi na yau da kullum tauri, shi ya sa ƙarfe mai banadiyam da yawa yake da wuyar wasawa. Kobal kuwa ba ya haɗa kabayid. Yana narkewa ne a jikin ƙarfen ya ƙara masa jure zafi, sai dai yana ƙara masa gautsi.

5.0 Siffofinsa

Siffa ta farko ita ce tauri. Bayan an gama sarrafa shi, M2 yakan kai 63 zuwa 66 a ma'aunin Rokwel na C, M42 kuwa yana iya kai 68 ko sama da haka. Amma tauri kaɗai ba shi ne abin yabo ba, domin magagari ma yakan kai kusan haka yana sanyi.

Ta biyu, wadda ita ce ginshiƙi, ita ce riƙe tauri cikin zafi. Wannan ƙarfe yana yanka har zafin bakinsa ya kai digiri 550 zuwa 600, in ya huce kuma taurinsa na nan. Ta uku ita ce jure gogayya, saboda tsabobin kabayid da ke warwatse a jikinsa. Ta huɗu ita ce jure bugu da girgiza. A nan ya fi kayan yanka na zallar kabayid ɗin tangistin, waɗanda aka fara sayarwa a Jamus a shekarun 1920. Waɗancan sun fi shi jure zafi da sauri, amma sun fi shi saurin ɓantarewa, kuma ba su wasuwa a dutsen wasi na yau da kullum. Wannan ne ya sa har yanzu ba a rabu da shi ba wajen yin mahuji, da zarto, da abin fitar da zaren noti, musamman inda injuna suka tsufa suna rawa.

Wata siffa da ba a cika ambata ba ita ce, zafi ba ya ratsa shi da sauri kamar ƙarfen kabon. Nan gaba za a ga yadda wannan ya shafi sa shi a wuta.

6.0 Matakan Sarrafawa da Wuta

6.1 Lausasawa

Kafin a sassaƙa ƙarfen a fitar da siffar mahuji ko wani abu, tilas ya kasance da laushi. Akan zafafa shi zuwa digiri 870 ko 900, a bar zafin ya ratsa, sa'an nan a bar shi a cikin tanderu yana hucewa da kimanin digiri 20 a kowace awa har ya sauko wajen digiri 650. Wannan aiki yakan cinye yini. Bayan sassaƙar farko kuma, in kayan na da siffa mai wuya, akan ɗumama shi zuwa digiri 650 ya huce a hankali, domin ya saki jiki kada ya karkace daga baya.

6.2 Ɗumamawa

Ba a jefa sanyin ƙarfen nan cikin babbar wuta kai tsaye. Da yake zafi ba ya ratsa shi da sauri, bayansa zai buɗe alhali cikinsa na sanyi, sai ya tsage. Don haka akan ɗumama shi hawa biyu, na farko a wajen digiri 450 zuwa 500, na biyu a wajen digiri 850. Manyan kaya akan ƙara musu hawa na uku a wajen digiri 1050.

6.3 Taurarawa

Daga nan sai a kai shi babbar wuta: digiri 1260 zuwa 1300 ga T1, 1190 zuwa 1230 ga M2, kusan 1165 zuwa 1190 ga M42. Mai sauraro na iya tambaya, me ya kawo wannan zafi duka, alhali ostenayit yana samuwa tun daga digiri 800 da ɗoriya? Amsar tana ga kabayid. A lausasasshen ƙarfe, kusan rubu'in jikinsa kabayid ne, kuma mafi yawan kabon da tangistin da molibdinam suna ɗaure a ciki. Muddin ba su narke sun shiga ostenayit ba, ba za su amfana wa ƙarfen jure zafi ba. Kabayid ɗin kuromiyam yakan gama narkewa a wajen digiri 1100, na tangistin da molibdinam sai an wuce haka sosai, na banadiyam kuwa kaɗan ne yake narkewa. Wanda bai narke ba, kimanin kashi 10 cikin ɗari, yana da nasa amfani, domin yana hana ƙwayoyin ƙarfen girma, kuma shi ke jure gogayya a wurin aiki.

Lokacin da akan bar shi a wannan zafi gajere ne ƙwarai, minti 2 zuwa 5. In ya wuce haka, ko zafin ya zarce da 'yan digiri, ƙwayoyin za su yi girma, iyakokinsu su fara narkewa, kayan ya zama mai gautsi. Haka kuma in iska ta taɓa shi a wannan zafi, kabon ɗin da ke fatarsa yakan ƙone, a sami kayan yanka mai taurin ciki da laushin baki. Masu molibdinam sun fi saurin kamuwa da wannan illa. Domin kauce mata, akan yi aikin ne cikin narkakken gishirin bariyam, ko a tanderun da aka zuƙe iskarsa, wanda shi manyan masana'antu suka fi amfani da shi yanzu. Gishirin nan guba ne, kuma ɗigon ruwa in ya faɗa cikinsa yakan sa ya fantsama.

6.4 Sanyayawa

Akan sanyaya shi cikin mai, ko a iska, ko da iskar naitirojin mai ƙarfi. Wata hanyar kuma ita ce a tsoma shi cikin wani narkakken gishirin mai zafin digiri 550, ya daidaita ciki da waje, sa'an nan a fito da shi ya ƙarasa hucewa a iska. Ruwa dai ba ya cikin lissafi. Matansayit ba ya fara samuwa sai zafi ya sauko wajen digiri 200, saboda haka dole a jira ya huce har hannu ya iya taɓa shi, watau digiri 50 zuwa 65. Daga nan kuma ba a jinkiri, sai a wuce da shi gasawa, domin in ya kwana a haka yana iya tsagewa da kansa.

6.5 Gasawa

A wannan hali ƙarfen yana da tauri, amma da sauran aiki. Kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari na jikinsa ostenayit ne da bai juya ba, matansayit ɗin kuma ɗanye ne mai gautsi. Akan gasa shi a digiri 540 zuwa 570 har awa biyu, a fito da shi ya huce sarai, a sake mayarwa.

Abubuwa biyu ke faruwa. Na farko, sinadaran nan da aka narkar a babbar wuta sukan fito daga matansayit a siffar wasu sababbin tsabobin kabayid, ƙanana ƙwarai, waɗanda madubin bincike na yau da kullum ba ya iya nunawa. Su ke tokare ƙwayoyin ƙarfen su hana su zamewa. Shi ya sa in ana bin taurin da ma'auni, za a ga ya ɗan ragu a wajen digiri 300 zuwa 400, sa'an nan ya sake hawa ya kai ƙololuwa a wajen 550. Wannan shi ake kira tauri na biyu, kuma shi ne asalin jure zafin wannan ƙarfe, domin abin da aka gasa a digiri 560 ba zai damu da zafin da bai kai haka ba.

Na biyu, ragowar ostenayit yakan saki wani ɓangare na kabon ɗinsa lokacin gasawa, in ana hucewa kuma sai ya juya ya zama sabon matansayit. Wannan sabon bai gasu ba, don haka tilas a yi gashi na biyu. Masu kobal ko kabon mai yawa, irin M42, sai an yi musu sau uku. Wanda ya yi gashi ɗaya ya tsaya, ko ya mayar da kayan tanderu tun bai huce ba, ya bar gautsi a cikin kayansa.

7.0 Abin da Ya Shafi Malami

Kaɗan ne daga ɗakunan aikinmu suke da tanderun da zai kai digiri 1200 da ma'auni mai aminci, wutar gawayi da zugazugi kuwa ba ta ba da ikon daidaita zafi irin wanda aka bayyana. Saboda haka darasi na farko ga ɗalibi shi ne, kayan da ke ɗauke da haruffan HSS sun zo da taurinsu daga masana'anta, wasawa kawai ake yi musu, ba a mai da su maƙera. Ko a masana'anta, ba a sake taurara wanda aka riga aka taurara sai an fara lausasa shi, in ba haka ba ƙwayoyinsa kan yi girma ya riƙa karyewa.

Na biyu shi ne wasi. A riƙa dannawa kaɗan-kaɗan, kada a bari bakin ya yi zafi ainun. In ya riga ya yi, a bar shi ya huce a iska, domin tsoma shi cikin ruwa yakan bar ƙananan tsaga a bakin kaifi, waɗanda sai an fara aiki za su bayyana. Ɗan shuɗin da kan fito a baki, wanda a ƙarfen kabon alama ce ta an rasa tauri, a nan ba lalle ne ya nuna haka ba. Tartsatsin wasi ma yana taimakawa wajen rarrabewa. Na ƙarfen kabon yana da haske da yawan fashewa, na yankan sauri kuwa ja ne mai duhu, ba ya yawan fashewa.

Na uku shi ne lissafin sauri. A wajen yanka ƙarfe mai laushi, akan ba wannan kaya kimanin mita 25 zuwa 30 a minti. Alal misali, mahuji mai kaurin milimita 10, kewayensa milimita 31.4 ne, don haka a saurin mita 25 zai yi juyi kusan 800 a minti. Taylor ya nuna a sakamakon binciken da ya gabatar a 1906 cewa ƙarin sauri kaɗan yana rage kwanan kayan yanka da yawa. Bisa adadin da aka saba ɗauka ga wannan ƙarfe, ƙarin sauri da kashi 20 cikin ɗari yakan mai da kwanan kaifi ƙasa da rubu'in yadda yake.

Daga ƙarshe, ga wani gwaji da ƙaramin tanderun ɗakin kimiyya zai iya ɗauka. A sami guntaye biyar na tsohon magagari, da guntaye biyar na karyayyen mahuji, daga ɓangaren da ke yanka, domin gindinsa ba ya da tauri sosai. A gasa su biyu-biyu, awa ɗaya ɗaya, a digiri 200, 300, 400, 550 da 700. In sun huce, ɗalibai su goga musu sabon magagari. Za su ga guntun magagari yana ƙara laushi tun daga matakan farko, na mahuji kuwa yana nan daram har 550, sai a 700 ne zai sallama.

8.0 Kammalawa

An ga cewa ƙarfen yankan sauri ya sami darajarsa daga haɗuwar sinadarai masu samar da kabayid da kuma tsarin wutar da ke narkar da su a wajen digiri 1200, ya sake fito da su a wajen 550. In aka rasa ɗaya daga cikin biyun, ƙarfen mai tsada ne kawai, ba shi da fifiko a kan magagari. Ilmin maƙeranmu game da ban ruwa da launin gashi tushe ne mai kyau da malami zai fara ginawa a kai, muddin ya nuna wa ɗalibi inda iyakarsa take.

Kalmomin da na yi amfani da su a nan, kamar lausasawa, da gasawa, da tauri na biyu, da shi kansa sunan ƙarfen, shawara ce nake kawowa gaban wannan taro. Ina roƙon malaman harshe da na fasaha da ke nan su duba su, su gyara inda ya kamata, domin mu sami matsaya ɗaya da za mu koyar da ita a azuzuwanmu.